FADA ENGELBERT MVENG, MALAMIN KAMARU DA YA YI WA'AZI DA ZANE

Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yau za mu ba masu karatu labarin wani mutumin ƙasar Kamaru, maƙwabciyarmu ta gabas, wanda ya yi zurfi cikin ilmin Turawa, ya bi addinin da Turawa suka kawo ƙasarsu har ya zama limami a cikinsa, duk da haka ya ƙi barin gida. Sunansa Fada Engelbert Mveng. Limamin Kirista ne na ɗarikar Katolika, malamin tarihi ne, kuma marubucin waƙoƙi ne, amma abin da ya fi fid da sunansa duniya shi ne zane. Ya ɗauki zane a kan aikin ibada, tamkar yadda wani ke ɗaukar wa'azi, ya kuwa tsaya kai da fata a kan cewa baƙin mutum ba shi bukatar ya yar da fasahar kakanninsa a bakin ƙofa kafin ya shiga ɗakin ibada.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haife shi ran 9 ga watan Mayu, 1930, a wani ƙauye da a ke kira Enam-Ngal, can kudancin Kamaru, cikin ƙasar kurmi. A zamanin nan wannan yanki yana hannun Faransa, domin bayan da aka kori Jamus daga Kamaru cikin 1916 sai Faransa da Ingila suka raba ƙasar tsakaninsu. Iyayensa Kirista ne na ɗarikar Furotesta, amma shi a makarantun Katolika ya yi karatu, har ya shiga makarantar da a ke horon masu son zama limamai.

Cikin 1951 ya ƙetare zuwa Kwango, wadda ke hannun Beljiyam a lokacin, ya shiga ƙungiyar limamai da a ke kira Jezuwit. Wannan ƙungiya tsohuwa ce, tun 1540 aka kafa ta, an kuwa san ta da tsananin horo da dogon karatu, mutum ya kan yi fiye da shekara 10 yana koyo kafin a naɗa shi. Daga Kwango aka aika shi Beljiyam, ya komo gida ya koyar a makarantar Libermann ta birnin Duwala, kāna ya tafi Faransa ya ƙarasa karatun addini. Cikin 1963 aka naɗa shi Fada, ya zama ɗan Kamaru na farko da ya kai wannan matsayi cikin ƙungiyar.

A wannan shekara ɗin kuma ya fid da babban littafinsa na tarihin ƙasarsu, mai suna Histoire du Cameroun, watau Tarihin Kamaru, shekara 3 ke nan bayan ƙasar ta sami mulkin kanta. Daga 1965 ya kama koyar da tarihi a Jami'ar Yawunde, bai kuwa bar wannan aiki ba har ƙarshen ransa. Da ya ke ya ƙware a harshen Girkawan dā, sai ya bi littattafansu ɗaya bayan ɗaya yana tsamo abin da suka faɗa game da baƙar fata, aka buga wannan bincike cikin 1972. Nufinsa ya nuna wa masu cewa Afirka ba ta da tarihi, cewa mutanen dā sun san ta, sun kuma rubuta labarinta tun kafin haihuwar Almasihu.

ABIN DA YA TARAR A MAJAMI'U

Kafin mai karatu ya gane darajar aikin wannan malami, sai ya san yadda al'amari ya ke sa'ad da ya taso. Al'adar Katolika ce su ƙawata majami'unsu da surori, don wanda bai iya karatu ba ya duba bango ya tuna da labarin da aka karanta masa. To, surorin da 'yan mishan suka zo da su daga Turai aka yi su, saboda haka kowa a ciki fari ne, da Almasihu, da uwarsa Maryamu, da manzanni, da mala'iku duka. A gefe guda kuma, yawancin 'yan mishan na farko sun ɗauki sassaƙar mutanen ƙasa, da fuskokin itace da su ke sawa wajen bukukuwa, da kiɗansu, a kan kayan tsafi waɗanda ya wajaba sabon tuba ya rabu da su. Yaro ya tashi yana ganin duk abin da ke da tsarki fari ne, duk abin da hannun ubansa ya sassaƙa kuwa abin kunya ne. Ina irin wannan yaro zai sami ƙarfin zuciyar da zai ɗaga kai cikin mutane?

Wannan tambaya ita ta dami Fada Mveng. Ya kuwa yi sa'a lokaci ya zo daidai da shi, domin daga 1962 zuwa 1965 manyan limaman Katolika na duniya duka suka yi babban taro a Fadar Fafaroma, cikin Disamba ta 1963 suka zartar cewa Ikilisiya ba ta keɓe wani salon zane guda ta ce shi kaɗai ne nata ba, a bar fasahar kowace al'umma ta yi aiki, muddin za ta girmama wurin ibada. Shi dai bai jira wannan izini ba, tun 1962 ya riga ya buga zanensa na Hanyar Gicciye. Cikin 1964 kuma ya fid da littafi a kan fasahar baƙar fata, inda ya bayyana cewa sassaƙa da zane na Afirka harshe ne da mutane ke magana da shi a kan rai da mutuwa da Mahalicci, wanda ya iya karanta shi zai ga addu'a a ciki.

YADDA YA KE ZANE

Malaman makaranta za su so su ji yadda ya ke koya wa almajiransa, domin ya kafa ɗakin koyon sana'ar zane a Yawunde, inda samari ke aiki ƙarƙashinsa. Ya ce ya lura gwanayen Afirka mataki 4 su ke bi. Da farko mutum ya dubi abu kamar yadda Allah Ya halicce shi, misali ƙadangare ko ganye. Na biyu ya zubar da duk abin da ba dole ba, ya bar layin da in an gan shi za a ce wannan ƙadangare ne. Na uku ya mai da wannan layi ya zama ƙawa wadda za a iya maimaitawa. Na huɗu ya harhaɗa ƙawa iri iri su zama aiki guda. Duk wanda ya taɓa zama kusa da maɗinkin riga yana fid da aska takwas, ko magini yana yi wa soro dagi, ko mai zanen ƙwarya, zai ga wannan bayani ba baƙo ba ne gare shi.

Fuskokin mutanen da ya ke zanawa kuwa, daga fuskokin itace na ƙabilun yammacin Kamaru ya ɗauko su, musamman Bamun na birnin Fumban da maƙwabtansu Bamileke, waɗanda suka shahara da sassaƙa. Launi 3 ya fi aiki da su, kowane da ma'anarsa bisa ga yadda ya fassara al'adar ƙasarsu. Ja shi ne rai, baƙi shi ne wahala, fari kuwa shi ne mutuwa. Saboda haka mutumin ƙauye da bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, in ya tsaya gaban zanen, launi kaɗai ya isa ya gaya masa inda labari ya nufa.

AYYUKANSA

Hanyar Gicciye da muka ambata wata ibada ce ta Katolika. A kan jera surori 14 a bangon majami'a, kowace tana nuna zango guda na wahalar da Kirista suka gaskata Almasihu ya sha, tun daga yanke masa hukunci har sa shi a kabari, masu ibada su riƙa bi suna tsayawa gaban kowace suna addu'a, musamman cikin kwanakin azuminsu. Fada Mveng ya zana zangon nan 14 da fuskokin Afirka, ya rubuta wa kowane addu'arsa.

A ɗakin ibada na makarantar Libermann, inda ya taɓa koyarwa, ya yi wani babban zane bayan bagade, watau teburin da limami ke tsayawa wajen ibada. Almasihu na tsakiya bisa gicciye, hannuwansa a buɗe, kewaye da shi ga alamun rana da wata da kusurwoyin duniya 4, a ƙarƙashinsa kuma ga shahidan Yuganda. Su waɗannan shahidai mutum 22 ne 'yan Katolika, yawancinsu samari ne barorin fada, waɗanda Sarkin Buganda Mwanga na Biyu ya sa aka kashe tsakanin 1885 da 1887 don sun ƙi barin addininsu. An ƙone shugabansu Charles Lwanga a Namugongo ran 3 ga Yuni, 1886, Fafaroma Paul na Shida kuwa ya sa su cikin waliyyan Ikilisiya a 1964. Abin da mai zanen ke nufi a fili ya ke. Ɗalibin da ya ɗaga ido wajen addu'a zai ga samari baƙaƙe irinsa a wuri mafi daraja cikin ɗakin.

Daga nan sunansa ya ƙetare iyaka. A babbar majami'ar Katolika ta Yawunde akwai aikinsa bayan bagade, an yi shi da ƙananan duwatsu masu launi da a ke jerawa a manne a bango. A birnin Nazarat, a majami'ar da aka gina don tunawa da bisharar da mala'ika ya yi wa Maryamu, ƙasashe da yawa sun aika da surarta kowa bisa ga salonsa, ta Kamaru kuwa shi ya zana ta. A makarantar limamai ta Hekima da ke Nairobi, ƙasar Kenya, ya tsara zanen tashin Almasihu, da birnin Nairobi kansa a ƙarƙashi. A Amurka kuma, bayan da gobara ta cinye majami'ar Holy Angels ta baƙar fatar birnin Chikago cikin 1986, da aka gina sabuwa shi aka nema ya yi mata babban zanen bango. Ban da wannan, yana cikin waɗanda suka shirya nunin kayan fasahar gargajiya a babban bikin al'adun baƙar fata da Shugaba Senghor ya kira a Dakar cikin 1966.

TALAUCI IRI BIYU

Kada mai karatu ya zaci duk wannan aiki don ado kurum aka yi shi. Akwai wata magana da Fada Mveng ya yi ta nanatawa cikin rubuce-rubucensa, ita ce kuwa gindin aikinsa duka. A ganinsa talauci iri biyu ne. Akwai na rashin abin hannu, wanda kowa ya sani. Akwai kuma wanda ya fi shi muni, watau a raba mutum da tarihinsa, da harshensa, da fasaharsa, da mutuncinsa, har ya kai shi da kansa ya yarda shi ba kome ba ne. Ya ce cinikin bayi da mulkin mallaka sun jawo wa Afirka wannan talauci na biyu, kuma ko an cika wa irin wannan mutum aljihu da kuɗi, matsiyaci ne har yanzu. Don haka littafin tarihin da ya rubuta da zanen da ya yi a bango magani guda ne na ciwo guda.

Bai kuwa tsaya ga laifin Turawa kaɗai ba. Ya yi magana a kan shugabannin Afirka da suka karɓi mulki suka ci gaba da tauye talakawansu, ya kuma yi kira ga Ikilisiyarsa ta saurari 'ya'yanta na Afirka, ta bar su su tattauna al'amuransu da bakinsu. Mai irin wannan harshe ba ya rasa masoya, ba ya kuma rasa maƙiya.

ƘARSHENSA

Da safiyar ran 23 ga Afrilu, 1995, aka tarar da gawarsa a ɗakinsa, a bayan garin Yawunde, waɗansu sun shiga da dare sun kashe shi. Saura kwana kaɗan ya cika shekara 65. Hankalin jama'a ya tashi ƙwarai, a Kamaru da waje, amma shekaru suka yi ta shuɗewa ba a hukunta kowa a kan wannan jini ba. Wata 5 bayan rasuwarsa Fafaroma John Paul na Biyu ya sauka Yawunde, ya sa hannu a kan takardar da ta tattara shawarwarin taron limaman Afirka na 1994. Cikin manyan batutuwanta har da shigar da addini cikin al'adun mutane, abin da marigayin ya yi fiye da shekara 30 yana yi da alkalami da buroshi.

To, jama'a, ba sai addinin mutum ya zo ɗaya da na wannan malami ba kafin ya ɗauki darasi daga gare shi. Ya san harsunan Turawa, na dā da na yanzu, ya zauna cikin manyan makarantunsu, ilmin nan kuwa bai sa ya raina masassaƙin ƙauyensu ba, sai ma ya komo ya zauna gabansa yana koyo. Malamin da ke da yara a gabansa ya tambayi kansa, shin sa'ad da lokacin aikin hannu ya yi, ya taɓa kiran dukawa ko masaƙa ko maginan garin su nuna wa yara sana'arsu? Akawun da ke zaune kusa da tsofaffin takardu da tsofaffin mutane, ya taɓa rubuta labarin garinsu kafin masu saninsa su ƙare? Abin da aka bari ya ɓace yau, gobe sai a saye shi da tsada a hannun baƙo, in ma an same shi. Allah Ya ba mu ikon riƙe namu da kyau.