Haƙƙin 'Yar Mutane A Baƙuwar Ƙasa

 A wannan mako muna so mu yi magana a kan wani al'amari da ya shafi 'yan kasuwa da ma'aikata duka, watau halin mutumin da ya ɗauki matarsa ya ƙetare iyaka da ita, suka sauka a birnin da ba su da uwa ba su da uba.

Za mu ɗauki ƙasar Birnin Gwari ta zama abin dubawarmu, domin mutanenta sun ɗanɗani barin gida fiye da yadda suke so. Garin yana yamma da Kaduna da kimanin kilomita 120, a kan hanyar da take bi ta Tegina ta gangara Ikko, ƙasa ce ta masara da dawa da zinariya. Amma dajin da ya kewaye ta, wanda a cikinsa ne gandun Kamuku yake, ya zama maɓoyar 'yan bindiga shekara da shekaru. An kashe masallata a Dogon Dawa a 2012, an yi wa Gwaska mummunan kisa a watan Mayu na 2018, gonaki suka zama kufai, hanyar Kaduna ta zama ba a shigarta sai an yi wasiyya. A watan Nuwamba na 2024 ne gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu, aka sāke buɗe kasuwar kara. Kafin wannan lokaci gidaje da yawa sun watse zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, kuma mai ɗan jari ko mai takardar aiki, idan ya ga hanyar da ta wuce nan, ba ya tsayawa.

To, mutumin da ya ce wa matarsa ta ɗaure kaya, ya kamata ya san cewa malamanmu na mazhabar Imamu Malik ba su bar wannan tafiya sakaka ba. Masu sharhin Muhtasar na Shaihu Halilu sun gindaya wa miji sharuɗɗa kafin ya yi tafiya da matarsa. Ya kasance amintacce ne a kanta, hanyar ta kasance akwai aminci, garin da za su ya kasance hukunci yana gudana a cikinsa, sa'an nan kada labarinta ya yanke daga danginta. Wanda ya dubi waɗannan sharuɗɗa da idon basira zai ga duk abu ɗaya suke karewa. A garinsu mace tana da uba da yayye da ƙawaye, tana da liman da alƙali waɗanda suka san gidansu. Ran da aka fitar da ita, dukan waɗannan sun koma mutum ɗaya, shi ne mijin. Idan ya kyautata ta tsira, idan ya cuce ta ba ta da inda za ta kai kuka.

Bari mu yi misali da Kumasi ta ƙasar Gana, domin tsohuwar masaukar fatakenmu ce. Tun da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, masu fataucin goro suka yi ta gangarowa kudu, har Zangon Kumasi ya zama gari a cikin gari, da sarkin zango da limamai da makarantun allo. A ce wani magidanci daga Birnin Gwari ya sauka can da amaryarsa. Shi tun daga safiyar farko yana da wurin zuwa. Zai shiga kasuwa, zai yi sallar Azahar a cikin jam'i, kafin mako ya zagayo ya san mutum ashirin, ya iya lissafi da sidi, ya fara tsintar gaisuwa da harshen Tonawa, watau Asante. Ita kuwa tana ɗaki ita kaɗai, ba ta san mai sayar da gawayi ba, ba ta san hanyar asibiti ba. Da dare ya dawo a gajiye, ya tarar da ita ta yi shiru, sai ya ce ta canja hali, alhali kuwa wuni guda ba ta sami wanda za ta yi wa ko ina kwana ba. Baƙuncin miji yakan ƙare cikin wata ɗaya, na mace kuwa yana iya kai shekara biyar idan ba a kula ba.

Saboda haka abu na farko da ya hau kan miji shi ne zaɓen maƙwabta, kafin ya dubi arhar haya ko kusanci da kasuwa. Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A fiƙihunmu, idan mace ta yi ta kai ƙarar cutarwa amma ta rasa shaidu, alƙali yakan umurci a zaunar da su a tsakanin mutanen kirki, domin su gane mai gaskiya. Abin da alƙali zai tilasta bayan ɓarna ta auku, ya fi kyau mai hankali ya yi shi da kansa tun ana zaman lafiya. Ya kama ɗaki a gidan da akwai dattijuwa mai mutunci, ya kai matarsa da kansa ta gaida iyalin liman da na maigidan da ya sauke shi, ya bar ta ta shiga makarantar Islamiyya ta matan unguwa. Wanda ya kulle mace a baƙuwar ƙasa ya hana ta sanin kowa, yana cewa kishin addini ne, to, ya sani ya rushe garkuwar da addinin ya gina mata.

Abu na biyu shi ne takardu. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Gana ba tare da biza ba har kwana 90. Bayan wannan sai da izinin zama. Dattawa ba su manta da 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane suka sayar da kayansu a wulaƙance, aka loda su a manyan motoci da mata da jarirai. Mun sha ganin magidanci ya gyara tasa takardar ya bar ta matarsa, wai ai ita ba fita take yi ba. Wannan ganganci ne, domin ciwo ba ya sallama, mutuwa kuma ba ta shawara. Idan ta Allah ta kasance a kansa, ya bar ta ba ta da izinin zama, ba ta da shaidar aure, ba ta san inda fasfonta yake ba. Ya rubuta auren a inda hukuma za ta yarda da shi, ya yi wa 'ya'ya takardar haihuwa, fasfonta kuma ya zauna a inda hannunta zai kai. Wannan magana ta shafi ma'aikacin da aka tura Jidda ko London kamar yadda ta shafi mai goro.

Abu na uku shi ne ciyarwa da wurin zama. Malamai sun ce ana auna ciyarwa da ƙarfin miji da matsayin matar, da kuma garin da ake zaune da tsadar kayansa. Ashe ke nan abin cefanen da ya isa a Birnin Gwari, inda hatsi yake rumbu itace yake bayan gida, ba shi ne ma'auni a Kumasi ba, inda kome sai an saya, masu gidaje kuma sukan nemi kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wasu sukan fake da cewa zaman na wucin gadi ne, sai a shekara uku ana kwana a kan tabarma, kuɗin duka ana aikawa gida ana gini. Muna tunatar da su cewa a mazhabarmu wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya daina ƙasaru, ya koma mazauni. Wanda yake cika sallarsa raka'a huɗu ba shi da hujjar riƙon iyalinsa riƙon matafiyi.

Abu na huɗu shi ne sada ta da danginta. A yau waya ta sauƙaƙa wannan sharaɗi, amma mutanen Birnin Gwari sun ga ranar da aka rufe layukan waya a yankinsu a ƙarshen 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, na nesa suka yi makonni ba su ji muryar iyayensu ba. Don haka kada a dogara ga waya kaɗai, zumunta a ƙafa take. Miji ya riƙa ware kuɗin motar ganin gida kamar yadda yake ware kuɗin haya. Ya tuna kuma da al'adarmu ta mace ta koma gidan iyayenta wankan haihuwar fari. Ba farilla ba ce, amma bukatar da ta haifar da ita tana nan. Idan nisa ko halin hanya ya hana tafiya, ya ɗauko mata uwa ko gwaggo, in ya kāsa ya nemi dattijuwar unguwa, kada ya bar mai jego da jariri su kaɗai ya tafi kasuwa.

Abu na biyar shi ne ranar saɓani, domin zo mu zauna, zo mu saɓa. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Nisa'i, ya yi umurni da a tayar da masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta. To, ina dangi a Kumasi? Malamanmu sun ce idan ba a sami dangi ba a nemi wasu, an fi so su zama maƙwabta, kuma a inda babu alƙalin Musulunci jama'ar Musulmi masu adalci suna tsayawa a matsayinsa. Nan ne amfanin abu na farko yake bayyana. Wanda bai gabatar da matarsa ga kowa ba, wa zai tsaya mata a ranar nan? Kuma kowa ya sani, idan saki ya auku, a ɗakinta za ta yi idda, ba a tashar mota ba.

Ita ma matar akwai nata. Kada ta mai da kewar gida bulalar dukan miji kullum dare, domin shi ma baƙo ne, yana haɗiye wulaƙancin da ba ya faɗa. Ta koyi harshen gari gwargwadon ciniki da asibiti, matambayi ba ya ɓata. Ta saki jiki da abincin wurin matuƙar halal ne, za ta ma tarar tuwon zafi da wake da shinkafa na kakanninta sun riga ta zuwa, har sun zama abincin mutanen ƙasar.

Wannan hali ba a kanmu aka fara shi ba. A shekara ta biyar da aiko Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Sayyidina Usmanu ya ƙetare teku zuwa Habasha tare da matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi da matarsa Asma'u 'yar Umaisu sun zauna can fiye da shekara goma, can suka haifi 'ya'yansu, ba su iso Madina ba sai shekara ta bakwai bayan hijira. Ummu Habiba kuwa ta rasa mijinta a can, ta saura da 'yarta a ƙasar da ba tata ba, amma ba ta tozarta ba, domin tana cikin jama'ar da ta san ta, har Manzon Allah ya aika wa Najjashi aka ɗaura masa aure da ita. Da aka isa Madina kuma, cikin ayyukan farko da aka yi akwai ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari, domin kada wani gida ya kwana ba shi da kowa.

Muna kira ga iyaye, kafin su sallami 'yarsu, su tambayi sunan unguwa da sunan liman da sunan maigidan da zai sauke su. Muna kira ga sarakunan zango da limamai a ko'ina su riƙa tura iyalinsu su gano baƙuwar da aka kawo. Shi kuwa miji ya tuna amana ya karɓo gaban shaidu, kuma za a tambaye shi.

Allah Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya mai da kowa gida cikin alheri, amin.