Penn Jillette: Mai Rufa-Ido Da Ba Ya Ɓoye Cewa Dabara Ce

Yawancinmu mun san masu rufa-ido tun muna yara, waɗanda ke tara jama'a a bakin kasuwa su mayar da takarda kuɗi. A wannan wata mun kawo wa masu karatu labarin wani Ba'amurke, Penn Jillette, wanda ya shekara hamsin yana wannan sana'a, amma kullum yana gaya wa 'yan kallo cewa ba shi da aljani, ba shi da asiri, gwanintar hannu ce kawai.

An haifi Penn ranar 5 ga Maris 1955 a garin Greenfield na jihar Masacusets. Da ƙuruciya ya ƙware wajen jefa ƙwallaye sama yana cafewa, daga baya ya shiga makarantar koyon barkwanci ta kamfanin wasanni na Ringling. A lokacin ya tsani rufa-ido ƙwarai, domin ya ga wani a talabijin yana da'awar karanta abin da ke zuciyar mutane, alhali dabara ce. James Randi ne ya sauya masa tunani, wani gwanin rufa-ido da ya shahara wajen tona asirin 'yan damfara. Daga gare shi ya gane cewa mutum na iya ruɗa idon jama'a ba tare da ya cuce su ba, muddin ya faɗa musu wasa ne.

A 1975 ya fara wasa tare da Teller, tsohon malamin harshen Latin. Penn dogo ne mai surutu, shi kuwa Teller ba ya cewa uffan a dandali. Sunansu ya fito a Niyok a 1985, kuma a 2001 suka kafa wasansu a otal ɗin Rio da ke Las Vegas. Cikin wasanninsu akwai tsohuwar dabarar nan ta kofuna da ƙwallaye, wadda suke yi da kofuna masu haske kamar gilashi don kowa ya ga yadda ake yi, amma duk da haka saurin hannunsu ya fi ƙarfin ido. A 2011 suka fara shirin talabijin Fool Us a Ingila, inda masu rufa-ido ke zuwa su gwada ko za su iya ruɗa su. A 2012 kuma Penn ya fara shirin hira na intanet mai suna Penn's Sunday School, inda ya riƙa magana kan sana'arsa da al'amuran yau da kullum.

Ya kamata masu karatu su sani Penn ya sha bayyana cewa bai yi imani da Allah ba, kuma a nan mun yi hannun riga da shi. Sai dai akwai abin lura a sana'arsa. 'Yan'uwanmu nawa ne, musamman baƙi a manyan birane, suka miƙa jarinsu ga wanda ya yi alkawarin ninka musu kuɗi? Abin da ɗan damfara ke nunawa a ɗaki mai duhu, irinsa ne ake yi a dandali a tafa. Bambancin shi ne ɗan kallo ya san abin da ya biya, wancan kuwa ya koma gida hannu rabbana. Duk wanda zai iya ninka kuɗi, me zai yi da namu? Allah Ya kiyashe mu.