'Yar Makka da Gambarar da Ta Tayar da Ƙura

Alhajin da ya taɓa sauka a Jarwal ya san ba lallai ne ya nemi tafinta ba. A wannan tsohuwar unguwa da ke dab da Harami, inda rijiyar Zi Ɗuwa take, ana iya yin ciniki da Hausa. Nan da Misfala da Shari'a Mansur ne jikokin waɗanda suka tako daga Kano da Sakkwato, suka ratsa Sudan, suka haye Bahar Maliya, suka yi kaka-gida. Sunan Hausawi ma ba baƙo ba ne: Usama Hausawi, haifaffen Makka, shi ya riƙe kambun kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Matasan irin waɗannan unguwanni sun daɗe suna sauraron gambarar zamani, wato hip-hop. A Amurka, mawaƙin titi kan fara da mixtape, tarin waƙoƙin da yake rabawa kyauta ko da araha tun kamfani bai san da shi ba. Haka 50 Cent ya yi a New York a 2002. Yau YouTube ya maye gurbin kaset.

Ta wannan ƙofa Asayel Slay ta shigo. A Fabrairun 2020 ta saki bidiyon "Bint Makka", ma'ana 'yar Makka, da Larabci haɗe da Turanci. A wani gidan shan gahawa aka ɗauke shi, kanta a rufe, yara na rawa, tana yabon kyau da jarumtar matan garinta. Nan da nan gwamnan yankin Makka, Yarima Khalid Al-Faisal, ya ba da umarnin a kama waɗanda suka shirya shi, bisa zargin cin mutuncin al'adun mutanen birnin. Aka sauke bidiyon.

Alfarmar Makka ba abin wasa ba ce, kuma wanda ya ce sunan birnin bai dace da kiɗa ba yana da hujjar da za a saurara. Kano ma ta ga irin wannan, lokacin da aka haramta "Girgiza Kai" ta Nazir Hausawa, wato Ziriums, a 2009. Amma abin da ya cika Twitter a Saudiyya dabam ne: an yi ta zagin launin fatar Asayel, ana cewa ba 'yar Makka ba ce, a mayar da ita Afirka.

Watanni bakwai kafin fitowar bidiyon, shi kansa 50 Cent ya hau dandamali a Jidda, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Makka, da yardar hukuma.

Wancan zagi na Twitter bai tsaya kan Asayel kaɗai ba. Ya shafi duk yaron da aka haifa a Jarwal, wanda kakansa ya zo da ƙafa don ziyarar Ɗakin Allah, kuma bai san wani gida ba sai Makka.