In A-kori-kura Ta Ƙi Tashi Da Asuba

A kakar tumatir, tsohuwar Peugeot 504 ta ƙungiyarmu a Madobi ta riƙa ƙin tashi da asuba. Kasuwar Kwanar Gafan tana ci, tumatir yana laushi a kwando, mu kuwa muna turi. Muka zargi batir, muka sayi sabo. Ashe laifin na hanyar mai ne.

In mota ta kwana, fetur yakan zurare ya koma tanki idan famfon mai ya gaji, ko tiyo ya tsage yana shan iska. Ƙura da tsatsar tanki kuma sukan toshe filta.

Ga gwajin. A cire wayar kwayil, a nisanci wuta da taba. A zare tiyon da ke shiga kafireto, a sa bakinsa cikin kwalba, a murza makulli. In mai ya tsarto da ƙarfi, famfo lafiya lau. In ɗigo yake yi, a fara duba filta da tiyo, gama su ne masu araha. A kuma sansana sandar awon baƙin mai: warin fetur alama ce robar famfo ta yage.

Namu tiyo ne ya tsage, tsawonsa taƙi ɗaya. 'Yan'uwa, a gwada kafin a saya.