Daga Sakkwato Zuwa Jidda, Awa Nawa Ne?

Duk shekara idan aka fara jigilar alhazai, uwargida kan zauna riƙe da waya tana jiran labarin maigida ko na gyatuma. Wannan ta ce mata awa biyar ne, waccan ta rantse bakwai ne. Kafin a ankara hankali ya tashi, tuwo ya ƙi ciwuwa. To bari mu warware lissafin.

Shekaru da dama alhazan Zamfara daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato suka riƙa tashi. Daga nan zuwa Jidda, idan jirgi ya miƙe sak, kusan kilomita 3,700 ne. Babban jirgi yana cin kamar kilomita 850 a awa guda, saboda haka idan aka haɗa da tashi da sauka, awa biyar ce ko ƙasa kaɗan. Tafiyar da kakanninmu suke yi a ƙasa ke nan, ta Chadi da Sudan, su shekara suna tafe suna yada zango. Wasu ma can Sudan suka yi zamansu, jikokinsu na nan har yau.

To ina bakwai ɗin ta fito? Daga agogo. Saudiyya tana gabas da mu, rana tana riga fito musu, agogonsu ya wuce namu da awa biyu. Lokacin da ake kiran azahar a Harami, ke nan gida hantsi ne. A ce jirgi ya ɗaga ƙarfe goma na dare. Zai sauka ƙarfe uku a agogonki, amma alhaji da ya ɗaga kai ya dubi na bango zai ga biyar na asuba, sai ya ƙirga bakwai. Ranar dawowa kuma sai abin ya juye, a ga kamar awa uku kacal aka yi. Duk tafiyar ɗaya ce.

Wani lokaci kuwa da gaske hanyar ce take ƙaruwa. A 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa yin zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗi ma ya ƙaru.

Ni dai a ganina, abin da ya fi gajiyar da mutum ba ya cikin jirgi. Akwai hanyar mota zuwa Sakkwato, da zaman sansanin alhazai, wanda kan kai kwana, ga tantance fasfo da layin kaya bayan an sauka. Layin wayarsa na gida ma ba lallai ya yi aiki nan take ba. Don haka idan awa biyar ta cika ba ki ji kira ba, kada ki ɗora hannu a ka, ki ba shi yini guda.

Idan kuma ke ce mai tafiyar, Allah ya sa, ki sa maganinki na hawan jini ko na suga a jakar hannu, kada ya bi babban kaya. Ki sha ruwa, ki riƙa motsa ƙafafu saboda kumburi. Kafin ki bar gida ki tambayi likita yadda za ki daidaita lokacin shan maganin da awa biyun nan.