Fijo 504: Gimbiyar Da Ta Sauka Daga Karaga

'Yan uwana mata, ku tambayi iyayenmu ku sha labari. An yi zamanin da in Fijo 504 ta tsaya ƙofar gidan budurwa a Katsina, daga Ƙofar Soro har Rafindadi sai an ce wance ta yi goshi. Ita ce motar kwamishina, ita ke kai amarya ɗakinta.

A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, suka daina yin salun ɗinta a 1983. Amma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, bai daina haɗa ta ba sai 2006. Ƙwari ne ya kai ta haka, ba ta tsoron gargada, kuma kowane bakanike ya san cikinta.

Duk da haka, gimbiyar nan ta ƙare a tasha, ana cusa mata fasinja da buhuna zuwa Jibiya. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya!

Don haka ƙanwata, in saurayi ya zo zance yana kaɗa makulli, kar ki ruɗe. Mota yayi ce, hali kuwa zanen dutse. Da halinsa za ki zauna.