Yadda ake gane tsohuwar begilar soja

A Kasuwar Kurmi ta Kano, cikin tarkacen kayan da, akan ci karo da begila, ƙahon tagulla da soja ke busawa. Ba kakakin fada ba ce, ita gajeriya ce a naɗe, kuma Turawa ne suka kawo irinta. Mai sayarwa zai iya cewa da ita aka ci Kano a 1903. Kafin ka biya, duba bakinta mai faɗi, inda maƙeri ke buga sunansa. Kamfanonin Boosey da Hawkes na Landan ba su haɗe ba sai 1930, don haka duk wadda aka rubuta wa Boosey & Hawkes ba ta ga zamanin Sarki Alu, wanda aka ci Kano a hannunsa, ba. Nemi kuma ƙaramar alamar kan kibiya, hatimin kayan gwamnatin Ingila, wani lokaci tare da shekara.

Jabu sun yi yawa, galibi daga Indiya da Pakistan, da ƙaton tambari da aka liƙa da dalma. Ta gaske takan goge a inda hannu ke riƙewa. In ka samu, don Allah kada ka dirje ta da toka, rubutun zai tafi.